Ambato nawa ne ke nuna nauyin malami?

"Assalamu alaikum Malam. Ina koyarwa a jami'a a nan Maradi, fannin kimiyyar noma, shekara biyar ke nan da na gama dokta, yanzu ina shirin kai dosiye CAMES, hukumar da ke duba takardun malaman jami'a masu neman ƙarin girma. Wani abokin aikina da muka fara tare ya nuna mini shafinsa na Google Scholar, ma'aunin h nasa 11, nawa 4. Shi kusan duk maƙalunsa da Turawa ya rubuta su. Ni kuwa da ɗalibaina da ma'aikatan gona nake rubutawa, rabi ma da Faransanci. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Shin da gaske wannan lambar ce ke nuna nauyin malami? Sannan ga wasu masu bincike daga Turai sun ce in tattara musu samfurin wake daga kasuwanninmu, za su sa sunana a maƙala. In karɓa?"
Wata malama, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi

Wa alaikumus salam Malama. Tambaya biyu kika ƙulle wuri ɗaya. Ta farko, me lambar nan take aunawa. Ta biyu, aiki da mutanen waje daraja yake ƙara wa malami, ko suna kawai. Ni mutumin ƙwari ne, a kan ƙwaron wake da tsutsar zangarniyar gero na tsufa, kuma na sha zama a kwamitin duba takardun malamai masu neman ƙarin girma. Daga wannan kujerar zan amsa miki. Amma ki fara komawa barcinki tukuna. A kasuwar hatsi idan aka ce wane ya auna 11 ke kin auna 4, tambayar farko ita ce da wace tiya, kuma me aka zuba a ciki.

Inda ƙirgar ta samo asali

Ambato ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya ji isnadi: wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ɗan littafi guda ya rubuta don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta wurin kowanne. Jerin sunayen da muke sawa a ƙarshen maƙala ɗan'uwan wannan ne, mutum yana cewa maganar nan ba daga kaina na tsiro da ita ba, ga inda na ɗebo. Sai dai malaman hadisi ba su taɓa wadatuwa da yawan masu ruwaya ba, sai sun bi kowannensu sun san halinsa da ƙarfin haddarsa. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya kawo shawara a 1955 cewa a juya jerin nan baibai. Maimakon ki ga wa maƙala ta ambata, ki ga su wa suka ambace ta bayan fitowarta. A 1964 cibiyarsa ta fara fitar da kundin ambato na kimiyya, wanda jikansa ne Web of Science na yau. Nufinsa mai bincike ya iya bin sawun wani tunani zuwa gaba, ma'aikatan laburare kuma su san wace mujalla za su saya da ɗan kuɗin da suke da shi. Lambar tasirin mujalla da kike ji ana fariya da ita daga nan ta fito, kuma lissafinta ba wuya: ambaton da aka yi bana ga maƙalun da mujallar ta buga a shekaru biyu da suka wuce, a raba da yawan maƙalun. Mujalla aka yi wa ma'aunin. Daga baya shugabannin jami'o'i suka ga lamba ta fi karatu sauƙi, suka ɗauke ta suka ɗora a kan mutane.

Shi kuwa ma'aunin h ƙaramin yaro ne. Jorge Hirsch, masanin fiziya a San Diyego ta Kalifoniya, ya fito da shi a 2005, shekara ɗaya bayan buɗe Google Scholar da Scopus, rumbunan intanet masu ƙirga ambato, waɗanda duka biyun a 2004 suka fara. Da yawa daga cikin farfesoshin da suka koyar da ni sun yi ritaya ba su taɓa jin sunansa ba.

Yadda ake fitar da h, da inda yake tuntuɓe

Ki ɗauki takarda ki jera maƙalunki daga wadda aka fi ambata zuwa wadda ba a taɓa ambata ba. A ce takwas ne, ambatonsu kuma 40, 22, 9, 6, 4, 3, 1, 0. Ki sauko daga sama kina gwada lambar layi da yawan ambato. Ta huɗu tana da 6, ta wuce 4. Ta biyar tana da 4, ba ta kai 5 ba. Nan za ki tsaya, h ɗinki 4. To ga wani mai maƙala biyar kacal, kowace an ambace ta sau biyar. Shi h ɗinsa 5. Jimillar ambatonki 85, tasa 25, amma a allo shi ne gabanki. Ko maƙalarki ta farko ta tashi daga 40 ta kai 400, lambarki ba za ta motsa ba.

Kuma lambar ba ta sauka. Wanda ya ajiye bincike shekara goma da suka wuce yana nan da abarsa, wataƙila ma tana ƙaruwa yana kwance. Saboda haka rabinta shekarun aiki take nunawa. Hirsch da kansa ya ga haka, shi ya sa ya ce a raba h da shekarun da mutum ya yi tun maƙalarsa ta farko. Ko wannan gyaran bai san haihuwa da goyo ba, bai san malamin da aka jibga wa aji mai ɗalibai ɗari uku ba, bai san damina ɗaya ce a shekara ba. Mai aiki a ɗakin gwaji zai iya maimaita gwajinsa sau goma kafin ke ki girbe gonar gwaji sau ɗaya, kuma mujallar kirki ba ta yarda da sakamakon damina ɗaya. Idan ruwa ya ɗauke a watan Agusta, shekararki ta tafi.

Fanni ma da fanni ba ɗaya ba ne. Likitoci da masu ilimin ƙwayoyin halitta suna da yawa a duniya, suna rubutu da sauri, kowace maƙala tana ambaton wasu da yawa. Masu lissafi kaɗan ne, ambatonsu kaɗan. Masu tarihi da adabi littafi suke rubutawa, wanda manyan rumbunan ba su cika ƙirgawa ba. Tiyar gero da tiyar gyaɗa mai ɓawo duk tiya ce, amma ba wanda zai ce nauyinsu ɗaya. Don haka ne Scopus yake da wata lambar da ke gwada maƙala da takwarorinta na fanni ɗaya da shekara ɗaya, inda 1 ke nufin daidai da matsakaicin duniya. In dole sai an auna, wannan ta fi h adalci.

Sai irin maƙalar. Wadda aka fi ambata a tarihin kimiyya, a ƙirgar da mujallar Nature ta yi a 2014, ita ce ta Oliver Lowry da abokansa ta 1951, a kan hanyar auna furotin, ambato sama da 300,000. Aiki ne mai amfani, amma ba wanda ya ce ya fi kowane bincike a duniya. Duk wanda ya auna furotin da hanyar dole ya ambace ta, shi ke nan. Maƙalar bita, wadda ke tattara abin da wasu suka gano, ita ma tana kwasar ambato fiye da sabon gwaji. A ɗaya gefen ga Gregor Mendel, wanda ya buga aikinsa a kan gadon halitta a 1866, a kan wani irin wake na Turai ma kuwa, aka yi shekara 34 kusan ba wanda ya waiwaye shi sai a 1900. Ga kuma maƙalar da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 1998 mai ɗora wa wata allurar rigakafin yara laifin cutar otizim. An gano ƙarya ce, an janye ta a 2010, amma ta tara ambato mai ɗimbin yawa, da dama daga masu ƙaryata ta. Na'ura ba ta bambanta yabo da zagi.

Wace tiya aka auna da ita

Kin ce a Google Scholar ya nuna miki. Ki tambaye shi ya buɗe Scopus, za ki ga lambar ta ragu, taki ma haka. Google yana kwasar duk abin da ya samu a intanet mai kama da maƙala: tez, wato kundin kammala digiri, rahoto, takardar taro, har da abin da ba a tace ba. Scopus na kamfanin Elsevier da Web of Science na Clarivate zaɓaɓɓun mujallu kawai suke ƙirgawa, mafi yawansu na Ingilishi, na Turai da Amurka. Mujallun Afirka kaɗan ne a ciki idan aka gwada da ɗaruruwan da ke AJOL, rumbun mujallun Afirka da aka fara a 1998. To maƙalar da kika rubuta da Faransanci a mujallar wata jami'ar yankinmu, ko duk ɗaliban Yamai da Wagadugu da Bamako sun karanta ta sun ambata a tez ɗinsu, a idon Scopus ba ta wanzu ba.

Akwai kuma matsalar da ta fi shafarmu mu mutanen Nijar, wato suna. Ran da na fara buɗe shafina na Google Scholar sai na tarar an ba ni maƙala biyu a kan ciwon ƙoda. Ban taɓa ganin ƙoda ba sai a tukubar mai tsire. Wani takwarana ne likita. Nawa na gaske kuwa guda uku sun ɓace, saboda a ɗaya an sa sunan mahaifina a matsayin sunana, a wata an rubuta Mahaman maimakon Mahamane, a ta uku an gajarta duka zuwa baƙaƙe biyu. Mu nawa ne Abdu, Isufu, Musa da Ibrahim a jami'o'in ƙasar nan? Kafin ki yarda da 11 ɗin abokinki, ko ma 4 ɗinki, sai an tsefe jerin. Maganin wannan shi ne lambar ORCID, wadda aka fara a 2012, kyauta ce, jerin lambobi 16 ne naki ke kaɗai da ke binki duk inda kika buga. Ki zaɓi hanya ɗaya ta rubuta sunanki da sunan jami'arki, kada ki sake canzawa, ko da aure ya kawo wani suna.

Abin da nake yi idan dosiye ya zo gabana

Ina duba lambar, ba zan yi miki ƙarya ba, daƙiƙa goma. Sannan in zaɓi maƙala uku da mutumin ya ce su ne ƙashin bayan aikinsa in karanta su. Sannan in yi abin da malaman hadisi suke yi: in danna kan lambar ambaton in ga su wane ne masu ambaton, kuma a ina cikin rubutunsu suka sa shi.

Na fara gwada wannan a kaina, kuma ban ji daɗi ba. Ina da wata maƙala da nake alfahari da ita saboda ta fi sauran tara ambato. Wata rana da wuta ta zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawa a layin farko na gabatarwa suka sa ni, a bayan jimla irin "wake muhimmin abinci ne a yankin Sahel", tare da sunaye biyar ko shida a jere. Ba su buɗe maƙalar ba, na tabbata, domin biyu daga cikinsu sun kwafi kuskuren shekara iri ɗaya daga wani da ya fara yin kuskuren. Waɗanda suka ɗauki hanyar gwajina suka maimaita, ko suka gwada sakamakonsu da nawa, yatsun hannu ɗaya sun ishe ni ƙirga su. Ɗaya daga cikinsu ma cewa ya yi na yi kuskure a yadda na ƙirga ƙwai a kan ƙwayar wake, kuma yana da gaskiya. Ambatonsa ya fi mini sauran duka, domin shi ya karanta.

Daga nan sai in cire ambaton kai. Ambaton aikinka na baya ba laifi ba ne idan a kansa kake gini. Amma idan rabin ambaton mutum daga shi ne da abokan rubutunsa, to gida ne ake ta tafa wa juna. Scopus yana da maɓallin cire wannan. Akwai kuma adashen ambato, ka ambace ni in ambace ka. Ni kaina wani mai tace maƙala a wata mujalla ya taɓa dawo mini da sharaɗin in ƙara maƙalu shida, duka na mutum ɗaya, ba ɗaya da ta shafi ƙwari. Na rubuta wa editan na ce ba zan sa ba, maƙalar ta yi wata biyar kafin ta fito. Yadda abin yake da sauƙin ruɗi, wani masanin kwamfuta a Giranobul ta Faransa, Cyril Labbé, ya nuna shi a 2010. Ya ƙirƙiri marubucin bogi mai suna Ike Antkare, ya sa kwamfuta ta haɗa masa maƙalun shirme kusan ɗari masu ambaton juna, Google Scholar ya kwashe, marubucin da bai taɓa numfashi ba ya tashi da h 94, ya wuce Einstein a jeri.

Ba ina cewa abokinki ya yi wani abu makamancin haka ba. Mai yiwuwa 11 ɗinsa halal ce tsaf. Ina nufin ba za ki sani ba, shi ma ba zai sani ba, sai an buɗe an karanta.

Haɗin gwiwa: wa ya yi me

An daɗe da lura cewa maƙalar da mutanen ƙasashe daban-daban suka rubuta tare ta fi tara ambato. Dalilan a fili suke. Kowane marubuci yana da mutanensa da za su gani. Ana rubuta ta da Ingilishi mai kyau. Akwai na'urorin da ba mu da su. Akwai kuɗin buɗe maƙala ga kowa, wanda a Nature aka sa Yuro 9,500 a 2021, wato sama da sefa miliyan shida, kuɗin da zai riƙe gonar gwaji da ɗalibai har wani lokaci. Sannan mai suna shi ake ƙara wa suna: idan babban farfesa yana cikin jerin, mutane sun fi saurin ambata. Robert Merton ya yi rubutu a kan wannan hali tun 1968.

Amma ma'aunin h bai san rabon gado ba. Kowa da ke cikin jerin ana ba shi ambaton dungurungum. A 2015 masu binciken CERN, babbar cibiyar binciken fiziya ta Turai, sun fitar da maƙala mai marubuta 5,154, kowannensu ya samu cikakken lada. Saboda haka idan na ga jerin abokan rubutun mutum, yawansu ko yawan tutocin ƙasashensu ba shi ke gabana ba. Ina duba a ina sunansa yake. A fanninmu na farko shi ya yi aikin ya rubuta, na ƙarshe yawanci shi ne jagora, akwai kuma wanda mujalla ke musayar wasiƙa da shi. A lissafi kuwa bisa jerin baƙaƙe ake sa sunaye, don haka wannan karatun ba ya aiki a can. Mutum mai maƙala ashirin, a dukansu shi ne na bakwai cikin tara, na san aikinsa: shi ke neman izini, shi ke ɗaukar mota zuwa ƙauye, shi ke fassara. Aiki ne mai wahala, kuma ba don shi ba da ba a yi binciken ba. Amma tambayar ba tasa ba ce, bayanan ba sa hannunsa, kuma ran da kuɗin aikin suka ƙare ba abin da ya rage masa sai suna a tsakiyar layi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na yi irin wannan a ƙuruciyata. Damina biyu ina bin rumbuna ina ɗebo wake, ina zubawa a kwalabe, ina rubuta sunan gari da ranar. Aka kwashe aka tafi da su. Bayan shekara biyu na ga maƙalar, sunana yana sashen godiya tare da direba. Ban tambayi komai ba tun farko, don haka ba ni da bakin magana a ƙarshe. Yanzu abin ya ɗan gyaru, manyan mujallu sun fara tambayar ina ƴan ƙasar da aka yi binciken, Nature ma ta fitar da ƙa'ida a kan haka a 2022, kuma mujallu da yawa suna sa a rubuta abin da kowane marubuci ya yi.

Alamun haɗin gwiwar kirki da nake nema su ne a ga an maimaita aiki da mutanen nan shekara da shekaru, a ga wani lokaci namu ne a gaba su a baya, a ga ɗalibinmu ya fito da digiri daga ciki. Kuma ina jin daɗi idan na ga sunan Kano, Zariya ko Katsina. IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, tana da tasha a Kano da ta daɗe tana aikin wake, ga cibiyar binciken noma ta Samaru. Ƙasar nomanmu iri ɗaya, ƙwaronmu ɗaya, manomanmu harshe ɗaya suke ji. Katsina ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba, amma malaminmu ya fi sanin abin da ake yi a Monfeliye ta Faransa fiye da abin da ake yi a Samaru, saboda ɗaya ya yi karatu da Faransanci ɗaya da Ingilishi.

Abin da ba ya shiga rumbun

Ki fita bayan gari ta kowace hanya ki dubi gonaki. Gawo, kalgo da sabarar da kike gani tsaye a tsakiyar gero, waɗanda aka sassabe aka bar musu reshe biyu ko uku, sassaben zamani ke nan. A nan yankin Maradi Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya, ya fara yaɗa shi wajen 1983, bayan ya lura kututturan da ke gonaki suna da rai a ƙasa. Manomi ya koya wa manomi. Sai bayan shekara ashirin masu bincike suka gwada tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam, suka ƙiyasta kusan hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. A duk shekarun da abin yake bazuwa, da an buɗe rumbun ambato da kusan ba a ga komai ba. Ambaton ya zo daga baya, kuma ya tafi ga waɗanda suka rubuta.

Ko buhun PICS na ajiye wake, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa da abokan aikinta a 2007, aka yi gwaje-gwajensa da dama a nan Maradi, a tashar INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar. Shi yana da maƙalu masu ambato. Amma matar da ta ɗaure wakenta a watan Oktoba ba ta zuba magani ba, ta kwance shi da bazara ba huda, ba ta cikin ƙirgar kowa. Takardar bayani mai shafi biyu da malamin gona zai riƙe, da shirin rediyo da Hausa, da irin da aka yi wa rajista, duk haka.

Masana da kansu sun gaji da mulkin lamba. A Disamban 2012 aka tsara sanarwar San Faransisko, wadda ta ce a daina auna mutum da lambar tasirin mujallar da ya buga a ciki. A 2015 aka fitar da ƙa'idoji goma na Laiden a kan auna bincike, ta farko ta ce lamba mataimakiyar hukuncin masana ce, ta uku ta ce a kare binciken da ke da amfani ga mutanen wurin da aka yi shi. Sai dai in faɗa miki gaskiya, karatun da nake yabo shi ma yana da cutarsa. Kwamiti mutane ne, akwai sanayya, akwai ƙiyayya, akwai gajiya. Na ga inda lamba ce ta ceci yaron da ba shi da kowa. Shi ya sa ban ce a jefar da ita ba.

Dosiyenki, da maganar waken

CAMES, wadda aka yanke shawarar kafawa a Yamai a 1968, hedikwatarta kuma tana Wagadugu, tana da kwamiti na kowane fanni, kowanne da sharuɗɗansa a rubuce, kuma ana sabunta su. Ki nemi na kwamitinku na bana ki karanta da kanki, kada ki dogara da abin da wani ya tuna daga lokacinsa, har da ni. Abin da ake dubawa ya shafi yawan maƙalu, irin mujallun, matsayin sunanki a jeri, koyarwa da ɗaliban da kika jagoranta. A nan maƙalunki da ɗalibanki, inda ke ce a gaba ko jagora, suna iya fin na mai suna a tsakiya nauyi. Abin da zan ja miki kunne a kai shi ne mujallun cin kuɗi, masu aiko saƙo suna yabonki, su karɓi maƙala cikin kwana uku. Wani ɗalibina ya taɓa biyan jaka sittin a irinsu, maƙalar ta fito har da kuskuren da na ja masa layi da jan biro, kuma ba ta ƙirgu a ko'ina ba. Ki duba sunan mujalla a jerin Scopus, AJOL ko DOAJ, wato jerin mujallun da ake karantawa kyauta, kafin ki aika. Daga cikin aikinki na Faransanci ki zaɓi mafi ƙarfi na gaba ki rubuta da Ingilishi, sauran kuma ki tabbata suna da taƙaitawar Ingilishi da lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, don a iya samunsu. Ta shirin Research4Life jami'o'inmu suna karanta mujallu da yawa kyauta, kuma masu bugawa da dama suna yafe wa ƴan Nijar kuɗin bugawa idan an nema.

Maganar Turawan kuwa, kada ki ce e, kada ki ce a'a tukuna. Ki rubuta musu cikin ladabi ki tambayi mece ce tambayar binciken, ki ce kina so ki ga tsarin aikin ki sa baki a ciki. Ki tambaya a hannun wa bayanan za su zauna, ko rabin samfurin zai tsaya a ɗakin gwajinku, ko akwai gurbin ɗalibi ɗaya, ko za a fitar da maƙala ta biyu wadda ke ce a gaba. Ƙa'idar editocin mujallun likitanci, wadda sauran fannoni ma suke aro, ta ce marubuci sai ya sa hannu a aikin, ya sa hannu a rubutun, ya amince da kwafin ƙarshe, ya kuma ɗauki alhakin abin da ke ciki. Wato idan aka sa sunanki a abin da ba ki karanta ba, aka zo aka gano maguɗi, ke ma za a kira. Fitar da iri ko ƙwari daga ƙasa kuma ba a jakar hannu ake yi ba, sai da yarjejeniya a rubuce ta hannun jami'a da izinin hukuma. Mutanen kirki za su amsa waɗannan cikin mako guda, wasu ma su ji daɗi kin tambaya. Idan kika ji shiru, ko aka ce ai lokaci ya ƙure, ki bar su su nemi wani.

In sun amsa, ki turo mini wasiƙar mu duba tare. Ki haɗo da jerin masu ambaton maƙalarki da aka fi ambata, ki sa alama a gaban duk wanda ya yi amfani da hanyarki ko ya yi jayayya da sakamakonki. Ranar Alhamis bayan la'asar ba ni da aji.